Karatu na 18: Sayen tsohuwar kwamfuta

Bukoki babbar unguwa ce a birnin Yamai. Nan ne kasuwar Katako take, inda ake narka tsohon alminiyom a yi tukwane. Mutanen unguwar sun san tsohon abu yana da sauran amfani. Haka ma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, in an iya zaɓenta.

Kwamfuta ba ta aiki sai da babbar manhaja mai tafiyar da ita. Wadda aka fi sani ita ce Windows, kuma ta kuɗi ce. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11, alhali kuwa lafiyarsu lau. Maganinsu shi ne Linux. Wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a ƙasar Finlan a 1991. Kyauta ce. Kowa na iya kwafarta, ya duba cikinta, ya ba maƙwabcinsa. Tana da iri-iri, kamar Ubuntu da Linux Mint. Lubuntu kuwa marar nauyi ce, ta dace da tsohon inji.

Kwamfuta mai ƙyalƙyali ba ita ce mai ƙarko ba. Waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis sun fi jure wahala, kamar ThinkPad, da Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP. Jikinsu da ƙarfi, kuma mai gyara yana kwance su da sukudireba kawai. A yawancinsu ana iya sake batir, a ƙara ƙwaƙwalwa. Giga 4 na ƙwaƙwalwa suna isa, amma 8 sun fi. Ma'ajiyar da ake kira SSD ta fi tsohon faifai sauri, kuma ba ta tsoron girgizar hanya.

Wata ɗaliba ta tara kuɗinta shekara guda. Kawunta ya raka ta shagon mai sayarwa, da kile a aljihunsa. Cikin kilen ya sa Linux.

Ya ce: «Ƴata, kada ki biya tukuna. Linux tana tashi daga wannan kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.»

Suka soka kilen, kwamfuta ta tashi. Suka gwada intanet, da murya, da kyamara. Yarinyar ta danna haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce: «Kawu, A ba ta wurin da na saba ganinta.»

Ya ce: «Wannan jerin QWERTY ne, na Ingilishi. Na Faransanci shi ne AZERTY. Linux tana iya sauya jerin, har ki rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Amma zanen da ke bisa madannan ba zai sauya ba.»

Daga nan ya zare wayar lantarki. Kafin minti goma kwamfutar ta mutu. Batirin ya gaji ke nan. A garin da ake ɗauke wuta, wannan babban aibi ne, don rubutun da ba a adana ba yana iya ɓacewa. Suka aje ta, suka ɗauki wata. Ita ma kawun ya bar ta kunne rabin awa, ya sa hannu inda fanka ke fitar da iska. A Yamai zafi yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Kwamfutar da ta yi zafi a inuwar shago ba za ta kai bazara ba. Ya kuma tabbata ba a kulle saitinta na ciki da kalmar sirri ba, don buɗe irin wannan kulle yana da wuya ƙwarai. Sai da suka gama duka sannan aka fara ciniki.

Tambayoyi
1. Don me kawun ya zo da kile?
2. Mene ne bambancin AZERTY da QWERTY?
3. Rubuta abubuwa uku da ake gwadawa kafin a biya.