Amsoshin Tambayoyinku: Ina da Hadda, Me Ya Sa Jarrabawa Take Ba Ni Wuya?

Tambaya: Malam, ni ɗan Kura ne, ina karatun aikin gona a jami'ar Wudil. Tun ina makarantar allo Allah ya ba ni kaifin hadda, amma da zarar malami ya juya tambaya a jarrabawa sai kaina ya ƙulle. Abokaina sun ce ƙwaƙwalwata ta hadda ce, ba ta nazari ba. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, maganar abokanka ba ta da tushe. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da ake cewa kowa da irin salon da kansa yake ɗaukar karatu, ba su sami gamsasshiyar hujja ba. Tsarin karatunka ne yake buƙatar gyara.

Ka tuna, tilawa ce ta zaunar maka da haddar allo. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu. Manomin Kadawa ba ya tara ban ruwan wata guda ya kwarara wa tumatir rana ɗaya, bi da bi yake shayar da shi. Kai ma ka waiwayi lakca a ranar da aka yi ta, ka sake bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Kwana kan littafi daren jarrabawa ba ya maye gurbin wannan.

Idan ka gama karantawa, rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe.

Abu mafi muhimmanci, ka saba da tambayar dalili. Tsutsar sharon da ta cinye tumatir a 2016, me ya sa aka yi ta feshi ba ta mutu ba? Tsinko ganyen da ta kama ka ɗaga shi a rana, za ka hango ta a cikin ganyen, inda magani ba ya isa gare ta sosai. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ta ina aka juya tambayar zai amsa.

In ka je gida hutu, ka bayyana wa wani dattijon manomi darasi ɗaya da Hausa. Duk inda ka kasa gamsar da shi, nan ne sauran aikinka yake. Allah ya ba da sa'a.