Koyon Buga Rubutu a Kwamfuta da Kanka

Ɗan'uwa ɗalibi, ba sai ka mallaki kwamfuta ba kafin ka fara. Nemi kwali, ka zana haruffanta a kai yadda suke jere. Layin tsakiya shi ne gida: yatsun hagu huɗu su zauna kan A, S, D, F, na dama kan J, K, L da alamar da ke biye. A kwamfutar gaske, F da J suna da ɗan tudu domin yatsa ya gane wurinsa ko ido bai gani ba. To, a nan wahalar take: kada ka leƙa! Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Alhamis. Iyaye kuma, a yi haƙuri da ƙwanƙwasar kwali.