Magoga Huɗu da Waƙoƙin Masu Rai

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ɗan yi bayani a kan wata ƙungiyar makaɗa, gama na ga akwai abin koyi gare mu a cikinta.

Kowa ya san gogenmu: ƙwarya ce da fata da tsirkiya guda ta izgar doki. Gogen Turawa kuwa na katako ne, tsirkiyarsa huɗu. Suna da wata al'ada inda mutum huɗu ke kaɗawa tare, biyu da ƙananan goge, ɗaya da matsakaici, ɗaya da babba wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Galibi sukan kaɗa abin da magabata suka tsara, kamar Haydn da ya mutu a 1809, da Beethoven da ya mutu a 1827.

To, a 1973 wani saurayi, David Harrington, ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Seattle na Amurka, ya sa mata suna Kronos. Niyyarsa ita ce su riƙa kaɗa aikin mutanen da ke da rai. Kiɗan farko da aka tsara musu, malaminsa Ken Benshoof ne ya yi, ladansa kuwa ƙunshin fanken Turawa. Daga wannan ƙaramin mafari, an tsara musu kiɗa fiye da 1,000.

Ba su tsaya ga Turawa kaɗai ba. A 1992 suka fid da faifai mai suna Pieces of Africa, na makaɗan Afirka bakwai, cikinsu har da Obo Addy na Gana da Foday Musa Suso na Gambiya. A 2015 kuma suka fara roƙon mutum 50, mata 25 da maza 25, kowa ya tsara sabon kiɗa domin ɗalibai su koya kyauta. Hawa Kassé Mady Diabaté ta Mali ta gina nata a kan waƙoƙin tafi na 'yan mata, watau irin gaɗarmu ta dandali.

Yanzu mu dubi gida. A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, matan Zumunta sukan tsara sababbin waƙoƙi da Hausa da Jju da Tyap da Hyam. Masu tsarawar suna nan da ransu, waɗansu ma iyayen yaran ajinmu ne. Amma sau da yawa a lokacin waƙa a makaranta sai mu maimaita tsofaffin da aka juyo daga Turanci. Waƙar da ba a rubuta ba, ba a kuwa koya wa yara ba, takan bi mai ita kabari.

Shawarata ke nan. Kowane zango malami ya gayyato mai waƙa ɗaya na garin, ya koya wa yara da bakinsa. A rubuta kalmomin da sunansa da shekara a littafin aji. Sa'an nan yara hurhuɗu su tsara tasu, a rera ranar rufe makaranta. Ba a bukatar kuɗi, sai alli da haƙuri.