ZANEN BANGO: YAWO DA ƘAFA A BIRNIN ZARIYA

Jama'a, darasinmu na yau a kan zanen bango ne, watau adon da magina ke yi wa fuskar gida. Da yawa daga cikinmu mutanen Dayi mun sha zuwa Zariya. Wani ya je asibiti, wani ya je kasuwa, wani ya kai ɗansa makaranta. Amma galibi a mota muke shiga, a mota muke fita. Wanda ke cikin mota kuwa ba ya ganin bango, sai ƙura. In kana son ka ga gwanintar magina, sai ka sauka ka taka da ƙafarka.

Hanya

Daga Dayi sai Malumfashi, daga Malumfashi sai Funtuwa, daga Funtuwa sai Zariya. In ka isa, ka nemi Tudun Wada, ka sauka nan. Ka fara yawo da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai dalili. Da safe hasken rana yana zuwa a kaikaice, sai kowane zane ya yi inuwa, ya fito sosai. Da tsakar rana kuwa sai ka ga bangon kamar sumul.

Daga Tudun Wada ka miƙe zuwa Ƙofar Doka. Ita ce za ta shigar da kai cikin birni. Kada ka tsaya a bakin titi kaɗai. Ka ratsa lunguna, gama tsofaffin gidaje a lungu suke.

Abin da za ka duba

In ka zo ƙofar tsohon gida, ka tsaya daga nesa kaɗan, ka ɗaga kai. Can bisa za ka ga zankwaye, kamar ƙahoni a kusurwar soro. Ƙasa da su ga indararo, inda ruwan sama ke zubowa. Sa'an nan ka dubi gefen ƙofar zaure da bisanta. Nan ne magini ya fi zuba gwanintarsa, domin nan ne idon baƙo ke fara sauka.

Zanen iri iri ne. Akwai dagi, wanda ya nannaɗe ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Shi ne aka ɗauka ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna, har yanzu ana ce masa dagin Arewa. Akwai takobi, akwai allo, akwai wata da tauraro. Waɗansu zanen kuwa, in ka lura, irin aikin da ke gaban babbar riga ne. Maɗinki ya yi nasa da allura da zare, magini ya yi nasa da hannu da ƙasa.

A waɗansu gidajen ana samun keke, ko mota, ko agogo, ko jirgin sama. Kada ka yi dariya. Lokacin da aka yi su, waɗannan abubuwa sababbi ne a ƙasar nan. Mai gidan yana shaida wa masu wucewa cewa ya yi fatauci, ya ga duniya, Allah ya buɗa masa. Ashe bango ma yana ba da labari, in an sami mai karanta shi.

Yadda ake yin sa

Hanya uku ce. Ta fari, magini ya ɗora ɗanyar ƙasa a jikin bango, ya murza ta da hannu har ta taso ta zama siffar da yake so. Ta biyu, ya yi yaɓe, tun bai bushe ba ya sa wuƙa ko tsinke ya zana. Ta uku, a shafa launi. Da can farar ƙasa da jar ƙasa da baƙi ake sawa. Daga baya fenti ya zo, siminti kuma ya shigo cikin aikin.

To, me ke hana ruwa ya wanke zanen ƙasa? Abu biyu ne, makuba da laso. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. A jiƙa ta, a kwaɓa da ƙasa, a shafe bango, sai ya yi duhu ya yi ƙarfi. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Kun gani ke nan, gida ɗaya ya haɗa sana'a huɗu: magini, da marini, da majemi, da manomin da ya bar ɗorawa a gonarsa bai sare ta ba.

Masallacin Babban Gwani

Daga lunguna ka nufi fada. Fuskar gidan Sarkin Zazzau cike take da zane mai launi iri iri. Ka tsaya ka ƙirga siffofin da ka gane.

Dab da fada akwai Masallacin Juma'a. An gina na farkon a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya gina shi Muhammadu Durugu ne, waɗansu kuma suna ce masa Malam Mika'ilu. Saboda gwanintarsa aka yi masa laƙabi da Babban Gwani. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai suna Babban Gwani. Da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizo manya manya, ya yi wa ginshiƙai zane da hannu. A shekarun 1970 aka yi sabon gini ya rufe tsohon daga waje. Masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna aikin nan, sun rubuta littattafai a kansa.

A zamanin Babban Gwani, ado irin wannan ya fi yawa a cikin fada da masallaci da gidajen manya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, kuɗi ya shiga hannun 'yan kasuwa, sai su ma suka shiga ƙawata ƙofofin gidajensu. Audugar kuwa, mai yawa daga gonakin ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta fito. Saboda haka kakanninmu manoma suna da hannu a arzikin wancan zamani.

Ladabin mai kallo

Gidan mutane ba kasuwa ba ne. Kada ka leƙa cikin gida. Kada ka kankare bango da farce don ka ga ko ƙasa ce ko siminti. In ka tarar da dattijo a dakali, ka yi sallama, ka rage tsawo, ka ce, "Baba, ni baƙo ne daga Dayi. Zanen gidan nan ne ya tsai da ni. Wane magini ya yi shi, a zamanin wane sarki?" In kana son ka ɗauki hoto da wayarka, ka nemi izini tukuna. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ka kuma duba ko akwai rubutu. Wani bangon yana ɗauke da shekarar da aka yi shi, wani da addu'a, da ajami ko da boko. Nan ne karatun da kake koyo zai yi maka rana.

Ba Zariya kaɗai ba

In Kano ka nufa, ta hanyar Gwarzo, ka je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. In Katsina ce, ka ga hasumiyar Gobarau da ƙofar gidan Sarki. A Damagaram ta ƙasar Nijar ma, unguwar Birni ta shahara da gidaje masu zane.

Abin da ke gabanmu

Jama'a, ga inda maganar take. Gidajen nan suna raguwa. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, damina ɗaya ta isa ta zubar da aikin da ya shekara ɗari. Da yawa an rushe su an sa bulo da kwano. Tsofaffin magina suna ƙarewa, samari kuwa kaɗan ne ke koyo. Bulo ba laifi ba ne, amma in zanen ya ɓace daga hannun mutane, ba a sayo shi a kanti.

Abin da za mu iya yi ba shi da wuya. Mai tsohon zaure ya gyara indararonsa kafin ruwa ya sauka, ya yi yaɓe da rani. Mai ɗorawa a gona ya bar ta. Mai sabon gini ya kira magini ya yi masa ko da dagi ɗaya a bisa ƙofa, gama ana yin sa a jikin siminti ma. In akwai tsohon magini a unguwarku, ku tura masa yaro ya koya tun yana da rai.  Mu dai kada mu yi shiru har abin ya wuce mu.

Tambayoyi

1. Don me ya fi kyau a kalli zanen bango da safe?
2. Faɗi hanya uku da ake yin zane.
3. Daga ina ake samun makuba?
4. Wane ne Babban Gwani, kuma me ya gina?
5. Me za ka fara yi kafin ka ɗauki hoton gidan wani?

Aiki

Kowa ya zaga unguwarsa a nan Dayi da ƙafa. Ya nemi bango ɗaya mai zane ko mai rubutu, ya kwafa a littafinsa, ya rubuta sunan unguwar a ƙasa. Ranar aji mai zuwa sai a kawo wa malam a duba tare.