Darasi na Tara: Koya wa Ƙananan Yara Godiya

Abin karantawa: Luka 17:11-19, Maimaitawar Shari'a 26:1-11
Ayar haddacewa: 1 Tasalonikawa 5:18

A nan garin Lafiya, in aka tambayi mutum, "Ina aiki?" sai ya amsa, "Da godiya." Kalmar godiya fa ba ta yi mana ƙaranci ba. Sa'anda baƙo ya miƙa wa yaro ƙosai, uwa ta kan ce, "Me za ka ce?" Yaro ya rusuna ya ce, "Na gode," idonsa kuwa yana kan ƙosai. Wannan ladabi ne, ba mu raina shi ba. Amma Littafi Mai Tsarki yana biɗar abin da ya fi wannan, watau yaro ya ɗaga ido daga kan kyauta ya dubi mai bayarwa.

1. Goma sun warke, ɗaya ya komo

Yesu yana tafiya Urushalima ta kan iyakar Samariya da Galili, sai kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙonsa jinƙai. Sun tsaya nesa ne gama Littafin Firistoci sura 13 ya ware kuturu daga zaman jama'a. Yesu ya aike su wurin firistoci, domin bisa ga sura 14 firist ne ke duba mutum ya shaida ya tsarkaka. Suna cikin tafiya suka warke.

Bari mu lura, taran nan ba su ƙi umarni ba, lalle kuwa sun yi murna. Abin da ya same su shi ne, kyautar ta tare musu mai kyautar. Na goman, Basamariye ne, daga kabilar da Yahudawa ba su cuɗanya da ita. Shi ya ga ya warke, ya juyo, ya ɗaukaka Allah da babbar murya, ya faɗi a gaban Yesu yana gode masa. Abu uku ke nan: ya gani, ya komo, ya furta. Su ne matakan da za mu bi da yaranmu.

Cikin Helenanci, harshen da Luka ya yi rubutu da shi, kalmar godiya tana ɗauke da kalmar "karis" a cikinta, watau alheri. Wanda bai ga an yi masa alheri ba, ba shi da abin godiya.

Malamin makarantar Lahadi ya tuna yaran yanzu ba su san tsoron kuturta kamar kakanninsu ba. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna masu warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12. Sai a bayyana musu zafin rabuwa da gida da dangi, a kuma hana su yi wa mai wannan cuta ba'a.

2. Kwandon nunan fari

Musa ya umarci manomin Isra'ila ya kawo nunan fari na gonarsa cikin kwando ya ba firist. Ba a bar shi ya ajiye ya tafi shiru ba. Wajibi ne ya ba da labari da bakinsa: yadda kakansa ya gangara Masar da mutane kaɗan, yadda aka bautar da su, yadda Ubangiji ya ji kukansu ya fito da su ya ba su ƙasa. Daga baya ya yi murna tare da Balawe da baƙon da ke zaune a cikinsu.

Mu ma muna kawo doya da shinkafa da riɗi a ranar godiyar kaka. Amma sau da yawa manya ke ɗauka, yara suna kallo daga baya. Bari yaro ya ɗauki doya guda da hannunsa, a kuma faɗa masa tun daga gida wa ya yi huɗa, wa ya yi noma, wa ya aiko da ruwan sama.

3. Abin da iyaye za su yi

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga hanyoyi huɗu.

Na fari, yaro ya ambaci abin da ya samu da sunan wanda ya ba shi. "Na gode, Kaka, da gyaɗar nan" ya fi "na gode" kurum.

Na biyu, a koya masa komowa. Sa'anda maƙwabta suka aiko da abincin Salla, ko wani ya taimaka da kuɗin makaranta, a aiki yaron da kansa ya mayar da kwano ya yi godiya.

Na uku, kafin a ci tuwon dare kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da zai gode wa Allah dominsa, da nasa kalmomi, ko da harshensa bai nuna ba. Kada a yi masa dariya.

Na huɗu, shi ne mafi wuya. Yaron da bai taɓa jin ubansa ya gode wa uwarsa saboda abinci ba, yaya zai koya? In kuwa yaro ya ɗebo mana ruwa, mu ma mu gode masa.

Mu yi hankali da abu guda. An ce yaba kyauta tukwici, gaskiya ne tsakanin mutane. Amma kada yaro ya zaci godiya biya ce, ko dabarar samun ƙari. Ba mu da tukwicin da za mu ba Allah saboda Ɗansa.

4. Shekarar da rumbu bai cika ba

Waɗansunmu sun tuna da ambaliyar kogin Binuwai ta 2012 da ta 2022, wadda ta cinye gonaki da yawa. Waɗansu kuma rikici ya raba su da gonakinsu. Me za mu ce wa yaro a irin wannan shekara? Kada mu sa shi ya yi ƙarya ya ce asara daɗi ce. Bulus ya ce mu yi godiya cikin kowane hali; bai ce masifa abin murna ba ce. Shi kansa daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa yana godiya dominsu. Mu yi kuka tare da yaro, sa'an nan mu ƙidaya tare da shi abin da ya rage: rai, da 'yan'uwan da suka ba mu masauki, da Ubangiji wanda bai yashe mu ba.

Tambayoyi

1. Mene ne laifin taran nan, da ya ke sun bi umarnin Yesu?
2. Don me aka ce manomi ya ba da labari sa'anda ya kawo kwandonsa?
3. Wane ne ya yi mana alheri da ba mu koma mun gode masa ba har yanzu? Yaushe za mu tafi, da wane yaro kuma?

Addu'a

Ya Ubanmu, mun karɓa da yawa, mun komo kaɗan. Ka gafarta mana. Ka buɗe idanunmu da na 'ya'yanmu mu ga hannunka, cikin sunan Yesu. Amin.