Fim ɗin Tom da Jerry na 2021 ya kai na da?

Wata mai sauraronmu daga Belbeji, can Damargu, tana tambaya ko fim ɗin Tom da Jerry na 2021 ya cancanci a sa wa yara a katin salula.

To Malama, a gaskiya bai kai na da ba. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro kyanwa Tom da kusu Jerry a 1940, kowane zane kamar minti 7, ba surutu, sai guje-guje da kiɗa. Shi ya sa yaro a Tanut, ko bai taɓa shiga lakwal ba, zai yi ta ƙyaƙyata dariya idan ƙofa ta maƙe Tom ya koma kamar faifai.

Shi kuwa na 2021, na darakta Tim Story, ya haura awa ɗaya da rabi. An kai Tom da Jerry wani otal a New York ana shirin biki, mutanen gaske suka cinye lokacin da zancen aiki da aure, wanda yara ba su ji, kuma bai dame su ba. Inda giwaye suka wargaza bikin kam akwai dariya.

Ba abin kunya a ciki sosai, amma ki zauna tare da ƙananan, don sukan kwaikwayi doke-doken. In katin ba wuri, tsofaffin za ki zaɓa.