Wa'adin Karatuna Ya Cika, Kundina Kuma Yana Ofishin Malam

 

Ni malamar sakandare ce, matar aure, ina digiri na biyu a fannin ilimi a wata jami'ar gwamnati. Na ci duk kwasa-kwasaina, na gabatar da tsarin bincikena a gaban sashe aka amince. Ana nan sai haihuwa ta zo min da tangarɗa, aka yi min aiki, na daɗe ina jinya. Shekarar ban yi rajista ba, don a ganina tunda lacca ta ƙare, kuɗin me zan biya? Amma na kira malamin da ke duba aikina na gaya masa, ya ce, "Ki ji da lafiyarki tukuna, ba komai."

Da na warware na koma, na kai masa babi na huɗu, ya yi watanni a kan teburinsa. Kwanan nan na je ofishin makarantar karatun gaba da digirin farko, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce sunana ba ya cikin ɗaliban da ke karatu, wai kuma wa'adina ya cika. Maigidana ya ce in haƙura. Ƙawata ta ce in kai ƙarar malamin wurin shugaban jami'a. Wani kuma ya ce in kawo na goro a gyara min. Malam, ina mafita?

Daga 'yar'uwarku, mai bibiyar wannan fili.

Amsa

Malama, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ƙara lafiya.

Bari in fara da mai neman na goro, don shi ne mafi haɗari a cikin masu ba ki shawara. Ki rufe wannan ƙofar. Digiri ba ma'aikacin kwamfuta ke bayarwa ba, majalisar dattawan jami'a ce, kuma kafin sunanki ya isa gabanta sai an bi fayil ɗinki shekara bayan shekara, rasit bayan rasit. Gyaran bayan fage nan yake tonuwa, daga mai neman afuwa ki koma mai laifi.

Gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci: malaminki ya tausaya miki, amma ba shi da ikon ba ki hutu. "Ba komai" ɗin da ya faɗa a waya ba ta shiga fayil. A jami'o'inmu ɗalibin digiri na biyu ko na uku yana sabunta rajista kowace shekarar karatu har ranar da zai kare kundinsa, ko da bai taka aji ba. Wanda lalura ta same shi kuwa yana rubuta takardar neman ɗage karatu ne, a amince masa a rubuce, sannan ƙirgen wa'adinsa ya tsaya. Ke ba ki rubuta ba, shi ya sa a idon jami'a kin ɓace ne kawai. Ba ke kaɗai ba ce. Wannan rami ya ci ɗalibai da yawa, musamman ma'aikata da masu jego, kuma ina ganin laifin sassan da ba sa zaunar da sababbin ɗalibai su karanta musu ƙa'ida tun ranar farko.

Amma kada maganar ma'aikacin ta kashe miki jiki, ki ƙirga da kanki. Ki nemi littafin ƙa'idojin makarantar, wanda yake aiki a shekarar da kika shiga. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana shimfiɗa mizani na bai ɗaya, kowace jami'a kuma ta ɗora nata. A wurare da dama mafi tsawon wa'adin digiri na biyu ga ɗalibin cikakken lokaci shi ne zango 6, mai karatun wucin gadi kuma nasa ya fi haka tsawo. To ke a wane rukuni aka ɗauke ki? Ki duba takardar shigarki. Sannan da zangon karatu ake lissafi, ba da kalandar bango ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 kuma ya faro 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Idan ɗayansu ya faɗo cikin zamaninki, mai yiwuwa zangunan da kika cinye ba su kai yadda kike zato ba.

Daga nan sai rubutu. Takarda ɗaya, gajera, zuwa ga shugaban makarantar karatun gaba da digirin farko, amma ta bi ta hannun mai duba aikinki, da shugaban sashe, da shugaban tsangaya, kowa ya sa hannu. Ki nemi abu biyu a fili: a mayar da ke ɗaliba tare da ba ki damar biyan kuɗin shekarar da kika tsallake, a kuma ƙara miki wa'adi. Ki haɗa da takardar asibiti, sakamakon kwasa-kwasanki, rasit ɗin baya, da shaidar amincewa da tsarin bincikenki. Ki faɗi watan da kike sa ran gamawa, domin kwamiti ya fi sauraron wanda ya zo da rana. Kafin ki miƙa ki ɗauki kwafi, magatakarda ya buga miki hatimin karɓa da kwanan wata. Ban ce dole a amince ba, amma mai babi huɗu a hannu da shaidar likita tana da hujja mai ƙarfi.

Batun ƙara kuwa, ƙawarki ta yi gaggawa. Sa hannun malamin nan ne na farko da takardarki ke buƙata, ga shi shi ne shaidarki cewa jinya kika yi. Ki same shi a ofis, ki gaishe shi, ki nuna masa halin da ake ciki, ki roƙe shi ya sa miki ranar karɓar gyara. In abin ya ci gaba da jan ƙafa, akwai malamin da ke kula da ɗaliban gaba da digiri a sashe, akwai mai duba aiki na biyu idan an ba ki, kuma ƙa'ida ta yarda a sauya mai dubawa ta hannun kwamitin sashe. Tsallake waɗannan duka zuwa ofishin shugaban jami'a ba abin da zai jawo sai a dawo da takardar inda ya kamata ta faro, ran kowa ya ɓaci.

Ki gaida maigida, ki ce masa haƙurin bai zo ba tukuna. Ki rubuta takardar nan cikin makon nan, kafin zaman kwamitin sashe na gaba, in an ba ki amsa kuma ki sanar da mu.